Rumbu Ba Gona Ba Ne: Kafin Mu Ce A Kawo Mana Manyan Batura

 

Duk wanda ƙarshen watan Oktoban 2024 ya same shi a Arewa ba ya buƙatar a tuna masa abin da ya faru. Fiye da mako guda muka yi cikin duhu, daga Sakkwato har Maiduguri. Layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna ɓata-gari sun lalata shi, rashin tsaro kuma ya hana ma'aikata shiga dajin su gyara. Ɗaya layin da muka dogara da shi, wanda ya taso daga Ugwuaji a jihar Enugu ya biyo ta Apir kusa da Makurɗi, shi ma ya katse. Mun ga yadda aka riƙa jerin gwano a shagunan cajin waya. Mun ga masu walda zaune sun yi tagumi a bakin rumfa. Ƙanƙara ta yi tsada, ruwan jarka ya yi tsada saboda rijiyoyin burtsatse sun tsaya, masu injin niƙa da masu casar shinkafa suka koma ƙona dizal, kuɗin kuma ya faɗo kan mai saye.

Tun daga lokacin, duk inda hirar wuta ta taso, a majalisa ko a zaman ƙungiyarmu ta marubuta, sai ka ji wani ya ce: "Ai ƙasashen da suka ci gaba manyan batura suke kafawa. A kawo mana irinsu, ga rana muna da ita, shi ke nan an wuce wurin." Mu ma muna cikin masu son a kawo su. Amma bayan mun zauna mun bibiyi yadda abin ya gudana a inda aka fara shi, mun gane cewa sayen batirin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana wajen haɗa shi da layin wuta irin namu. Batir rumbu ne, ba gona ba ne. Ba ya noma ko zangarniya ɗaya, abin da aka zuba masa shi yake ajiyewa.

Mu fara da inda labarin ya shahara. A ranar 28 ga Satumban 2016 wata guguwa mai ƙarfi ta kayar da manyan turakun lantarki a jihar Kudancin Ostireliya, jihar gaba ɗaya ta faɗa cikin duhu. Ana tsaka da ce-ce-ku-ce kan wa ke da laifi, sai Elon Musk na kamfanin Tesla ya yi alƙawarin kafa musu katafaren batir cikin kwana 100, idan ya gaza su karɓa kyauta. Ya cika alƙawari. A farkon Disambar 2017 aka ƙaddamar da batirin Hornsdale, mai ƙarfin megawat 100, wanda a lokacin babu kamarsa a duniya cikin batura masu sinadarin litiyom.

A nan ne mafi yawanmu muke tsayawa da labarin, alhali abin lura yana gaba. Batirin nan, idan aka buɗe masa wuta iya ƙarfinsa, awa ɗaya da 'yan mintuna zai yi ya ƙare, domin abin da yake iya ajiyewa a 2017 shi ne megawat 129 na tsawon awa guda. To me ya sa aka yi ta yabonsa? Saboda ba a kafa shi don ya haskaka jihar har gari ya waye ba. Babban aikinsa shi ne riƙe bugun layin.

Bari mu yi bayanin wannan, domin shi ne ginshiƙin maganar. Wutar da ke yawo a layinmu tana da bugu kamar na zuciya, sau 50 a kowace daƙiƙa, a Najeriya da Nijar da Ostireliya duk ɗaya ne. Muddin wutar da tashoshi ke samarwa ta yi daidai da wadda jama'a ke sha, bugun yana nan daram. Da zarar wata babbar tasha ta tsaya ba shiri, sai bugun ya fara sauka. Idan ba a cike giɓin cikin 'yan daƙiƙu ba, sauran tashoshin sai su riƙa kashe kansu ɗaya bayan ɗaya don kada injinansu su lalace. Wannan shi ne abin da muke ji a rediyo ana cewa babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe. Injin gas ko na ruwa yana buƙatar lokaci kafin ya ƙara ƙarfi. Batir kuwa kafin ƙiftawar ido ya amsa. Makonni biyu da buɗe Hornsdale, wani inji a tashar kwal ta Loy Yang da ke jihar Biktoriya ya tsaya, batirin da ke nesa da wurin kusan kilomita 1,000 ya zuba wuta a layin cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Abin da ya ja hankalin injiniyoyin duniya ke nan.

Saboda haka idan muka ce muna son batir, dole mu fara faɗin wane ciwo muke so ya warkar. Ciwonmu iri biyu ne. Akwai durƙushewar layin ƙasa da muke gani sau da yawa a shekara, wannan kam batir zai iya taimakawa ƙwarai. Akwai kuma irin na Oktoban 2024, inda hanyar da wutar ke biyowa ce aka datse. Mu yi ɗan lissafi. Mu ɗauka, a misali, wani babban birni yana buƙatar megawat 300, aka yanke shi daga layin ƙasa na kwana 10. Megawat 300 sau awa 240 ya ba mu 72,000. Raba wannan da 129, za ka ga ana buƙatar batura irin na Hornsdale fiye da 550 kafin a riƙe birni ɗaya tal. Babu ƙasar da za ta yi wannan. Duk ɗan siyasar da ya zo ya ce mana batir kaɗai zai hana a maimaita wancan duhu, to ko bai san abin ba, ko yana ganin mu ne ba mu sani ba.

Wannan ya kawo mu ga ƙalubale na farko: da me za a cika rumbun? Jihar Kalifoniya ta Amurka ta haura megawat 10,000 na batura a 2024, wato fiye da ninki biyu na wutar da layinmu na ƙasa ya saba rabawa mutum sama da miliyan 200. Amma su sun kafa baturan ne saboda da tsakar rana wutar solarsu tana yi musu yawa har a rasa mai sha. Sai batura su kwashe rarar, da yamma idan rana ta faɗi mutane sun koma gida su sako ta na kimanin awa 4. Rara ce ta haifi rumbun. Mu kuwa wutar da ke zagayawa tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 take yawo, kuma ana rabon ta ne kamar naman layya a gidan yawa. Idan aka kafa batir aka ce ya sha daga wannan layin, to wata unguwa za a ɗauke wa wuta don a cika shi. Ƙari a kan haka, batir yana cin nasa kason. Idan ka zuba masa mudu 100, abin da zai dawo maka da shi bai wuce 85 zuwa 90 ba, sauran ya tafi a zafi.

Wannan darasi ba sai mun je Kalifoniya ba, muna da shi a gidajenmu. Da yawanmu mun san wanda ya tara kuɗi ya sayi inbata da batura, bai sayi farantan sola ba, ya dogara da cewa idan an kawo wuta za su yi caji. Wutar awa biyu ko uku ba ta cika su, kullum ana tatsar su suna rabin ciki, kafin shekara ta zagayo sun mutu. Abin da ya faru da batirin falo shi zai faru da na biliyoyin naira idan aka kafa shi ba tare da gonar da za ta ciyar da shi ba. Gonarmu kuwa sananniya ce, rana. Amma ina manyan tashoshin solar da ke haɗe da layin? Wadda aka buɗe a Kumbotso ta Kano a Janairun 2023 megawat 10 ce. Ta Gorou Banda da ke kusa da Yamai megawat 30 ce. Somin-taɓi ne mai kyau, sai dai ba su kai a ce an sami rarar da za a ajiye ba.

Ƙalubale na biyu shi ne layin kansa. Mafi yawan wutar Najeriya daga tashoshin gas na Kudu take fitowa, sai madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Mu na can Arewa muna ƙarshen doguwar igiya ne, shi ya sa ko an kawo wutar sau da yawa ba ta da ƙarfin juya fanka. Batir yana iya gyara wannan raunin idan an ajiye shi a inda ya dace, amma sai in mai kula da layin yana ganinsa yana kuma iya ba shi umarni nan take. Cibiyar da ke sarrafa layin ƙasa tana Osogbo, kuma an daɗe ana kokawa cewa ba duk tashoshi take gani kai tsaye a allon kwamfuta ba. Na'urar da ke amsawa cikin ƙasa da daƙiƙa ba za a tafiyar da ita da kiran waya ba. Kafin batir, ko tare da shi, sai an kammala idanu da kunnuwan layin.

Akwai kuma wani sirri da masu tallar kaya ba su cika faɗa ba. Ba kowane batir ne ke iya ba da wuta idan layin ƙasa ya mutu ba. Na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta layi kala biyu ce. Akwai 'yar amshi, wadda sai ta ji bugun layin sannan ta bi, idan layin ya yi shiru ita ma ta yi shiru, ko da batirin cike yake fal. Akwai kuma mai iya ɗauko waƙar da kanta, ta kafa bugun, sauran su bi ta. A can Kudancin Ostireliya akwai wani ƙaramin batir a Dalrymple, mai megawat 30, da aka ajiye a ƙarshen wani dogon layi. Idan layin ya katse, batirin yana ware yankin ya ci gaba da riƙe shi tare da injinan iska da solar da ke wurin. Mu a ganinmu wannan ƙaramin ya fi Hornsdale kama da buƙatarmu. Mutanen Maiduguri, waɗanda aka fasa musu turakun layin Damaturu a farkon 2021 suka daɗe a duhu, daga baya aka gina musu tashar gas ta megawat 50 a 2023, sun fi kowa sanin ma'anar zama a ƙarshen igiya. Ranar da aka zo mana da kwangilar batir, tambayar farko ita ce: ɗan amshi ne ko mai ba da waƙa?

Ƙalubale na uku kuɗi ne, kuma ba kuɗin saye muke nufi ba. Wa zai riƙa biyan batirin ladan aikinsa? A Ostireliya akwai kasuwa ta musamman da ake biyan duk wanda ya tsaya cikin shiri don ceto bugun layi, ko da bai sayar da wuta mai yawa ba. Kamar mai gadi ne, ana biyan sa don yana nan, ba sai ɓarawo ya zo ba. Kuma biyan yana tafe da hisabi. A 2022 kotun tarayyar ƙasar ta ci masu Hornsdale tarar dalar Ostireliya 900,000 saboda an same su sun karɓi kuɗin zama cikin shiri a wasu watanni na 2019 alhali batirin bai iya ba da abin da aka yi alƙawari ba. Ku duba fa, batirin da duniya ke yabo, amma doka ba ta ɗaga masa ƙafa ba.

Mu a nan fa? Kamfanonin da ke samar da wuta sun daɗe suna kukan ana riƙe musu bashin tiriliyoyin naira. Miliyoyin masu shan wuta ba su da mita, ana yi musu kuɗin ƙiyasi, su kuma suna biya da ƙunar rai ko su ƙi biya. A kasuwar da wanda ya samar da wutar ma bai karɓi haƙƙinsa ba, wane mai jari ne zai zuba dala a kan na'urar da aikinta jira ne? Batir da dala ake sayen sa, wuta da naira ake sayar da ita, kuma mun ga abin da ya sami naira daga 2023 zuwa yau. Idan ba a rubuta ƙa'ida a fili ba, wadda ta fayyace matsayin batir, da farashin da zai sha wuta, da farashin da zai sayar, da ladan gadinsa, abu biyu ne zai faru. Ko dai masu jari su ƙi zuwa, ko gwamnati ta ciwo bashi ta kafa, a yanke kyalle a yi hoto, bayan shekara uku ciyawa ta rufe wurin.

Ƙalubale na huɗu ya shafi ƙasarmu da yanayinta. Batirin litiyom ya fi son yanayi mai sanyi-sanyi, wajen digiri 25. A watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura 40. Zafi yana tsofar da batir da wuri, don haka kowane akwati sai da na'urar sanyaya shi dare da rana, ita ma wuta take sha, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatunta. Idan kulawa ta yi rauni, abin ba ya tsayawa a lalacewa kawai. A Yulin 2021, ana cikin gwajin babban batirin jihar Biktoriya, ruwan sanyaya ya yoyo a cikin wani akwati, wuta ta kama, aka kwashe kwanaki kafin a tabbatar ta mutu. A Janairun 2025 gobara ta tashi a tashar batura ta Moss Landing a Kalifoniya har aka kwashe mutum fiye da 1,000 daga gidajensu. Waɗannan wurare ne masu 'yan kwana-kwana da kayan aiki na zamani. Mu da muke ganin yadda kasuwanninmu ke ƙonewa ana neman motar ruwa, ya kamata mu tambaya tun yanzu: a ina za a ajiye su, nisan su da gidajen mutane nawa ne, wa aka horar kan irin wannan gobarar? Sannan idan sun tsufa bayan shekara 10 zuwa 20, wa zai kwashe su, zuwa ina?

Na biyar, tunda layin yanki ake magana ba na gari ɗaya ba, akwai siyasa. Ƙasashen Afirka ta Yamma suna da tsarin haɗa layukansu wuri guda, mai hedikwata a Kwatano, kuma ana aikin babban layin da zai tashi daga Birnin Kebbi ya bi ta Yamai zuwa Wagadugu, da reshe zuwa Benin. A 2021 Bankin Duniya ya amince da wani shiri da ya ƙunshi kafa manyan batura a Nijar da Mali da Kwaddibuwa don daidaita wannan layin na haɗaka. Tunani ne mai kyau. Amma 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai ba su manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga nan take zuwa, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. Rumbun da ƙasashe da yawa suka dogara da shi, wa ke riƙe da mabuɗinsa ranar da aka ɓata? Idan wuta ta yi ƙaranci a ɓangarorin biyu na iyaka, wa batirin zai fara ceto? Wannan ba injiniya ne zai amsa ba, yarjejeniya ce, kuma gara a rubuta ta tun ana ga-maciji.

Wani zai ce, to duk wannan jerin matsaloli ba hanyar sanyaya gwiwa ba ce? Zai ƙara da cewa farashin batura ya faɗi warwas cikin shekaru goman da suka wuce, kuma wanda ya tsaya jiran komai ya daidaita ba zai taɓa farawa ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a jira ba. Cewa muka yi a fara ta inda ya dace. Mai son gina bene ba ya farawa da rufi.

Ga abin da muke ganin ya kamata mu riƙa nema, da bakinmu da alƙalumanmu. A haɗa kowane batir da gonarsa ta sola, a kafa su tare kusa da inda ake shan wutar, kamar unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, ko Kakuri a Kaduna, inda akwai masu iya biya kuma suna ƙona dizal mai tsada a yanzu. A zaɓi irin wanda zai iya riƙe yanki shi kaɗai idan layin ƙasa ya faɗi, a sa asibitoci da gidajen ruwa a sahun farko na waɗanda zai riƙe. A ci gaba da matsa lamba kan gina ƙarin manyan layuka zuwa Arewa da tsaron waɗanda ake da su, domin batir ba zai maye gurbinsu ba. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita, don haka gwamnoninmu da 'yan majalisun jihohinmu ba su da sauran uzurin cewa komai sai Abuja. Su rubuta ƙa'idar ajiyar wuta tun kafin 'yan kwangila su iso.

Sai kuma wanda ya fi taɓa mu kai tsaye. Mu da muka yi difloma a foliteknik mun san abokanmu nawa suka karanci lantarki suke zaune ba aiki, ko suna ɗaura sola a gidaje da abin da suka koya a wajen oga, ba a aji ba. Idan aka kafa waɗannan na'urori ba a horar da 'ya'yanmu ba, duk ranar da wata fitila ja ta kama sai an jira wani ya hawo jirgi daga wata ƙasa. Kowace kwangila ta zo da sharaɗin horar da matasan yankin da kuma ajiye kayan gyara a gida. Abin takaici ne a ce ana haƙo litiyom a jihar Nasarawa ana fita da shi, mu kuma ko buɗe akwatin da aka yi da shi ba mu iya ba.

Duhun Oktoba ya koya mana cewa dogaro da igiya biyu daga nesa kasada ce. Kada zafin wannan darasi ya sa mu karɓi duk abin da aka miƙo mana da sunan mafita. Ranar da kuka ji an sanar da kafa katafaren batir a jiharku, ku yi murna, sannan ku yi tambaya huɗu: me zai cika shi, awa nawa zai riƙe, wa zai biya shi, wa zai gyara shi? Idan aka amsa muku dalla-dalla, ku mara wa aikin baya da ƙarfinku. Idan aka fara kame-kame, ku sani rumbu ake gina muku a inda ba a yi shuka ba.

Masu aikin lantarki da masu ɗaura sola da ke cikinmu, muna jiran gyaranku da ƙarin bayaninku, musamman kan yadda zafi ke cin batura a garuruwanku. Allah Ya haskaka mana ƙasarmu, Ya kai mu mako mai zuwa da rai da lafiya.